Fari ko Ja? Ni Dai a Ba Ni Daushe

Duk Bahaushen da aka ce wa "Albishirinka" ya san amsar da zai bayar. Zai ce "Goro." A ce masa "Fari ko ja?" Shi kuwa ko tsayawa tunani ba ya yi sai ya ce "Fari ƙal!" Shekarata arba'in da 'yan kai ina jin wannan tambaya, ban taɓa jin wanda ya ce ja ba, ko da kuwa mutumin da in ka laluba aljihunsa jan goro za ka tarar. Wato baki yana faɗar abu guda, haƙori yana zaɓen wani. Ni a ganina tambayar ce ma ba a ɗora ta daidai ba. Wanda ya san goro ba launi yake fara tambaya ba. Abin da yake son ji shi ne, sabo ne ko daushe?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan ɗan ƙaramin al'amari, wanda wani zai ce bai kai a ɓata masa takarda ba, shi ne wata gardama da nake yawan cin karo da ita a littattafan ƙagaggun labarai na Turawa. Su abin gardamarsu giya ce, wadda suke kira wuski. Mu dai Allah ya raba mu da ita, ban san ɗanɗanonta ba, ba na kuma fatar sani, amma yadda suke gardamar ya ba ni sha'awa. Akwai ta ƙasar Sikotlan, wadda ake yi da tsiron sha'ir, doka ta ce sai ta shekara 3 aƙalla a cikin gangar katako kafin a kira ta da wannan suna, wata ma har ƙaurin hayaƙi take yi saboda wata baƙar ƙasar fadama da suke ƙonawa su busar da sha'ir ɗin. Akwai kuma ta Amurka da suke kira bobon, galibi daga jihar Kentaki, wadda dole masara ta kai kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka yi ta da shi, a kuma zuba ta cikin sabuwar ganga da aka babbake cikinta. Masu son ta Amurka suna cewa ta fi zaƙi da laushi. Masu son ta Sikotlan suna cewa ai zaƙi na yara ne. Abin dariya kuma, gangunan da Amurkawa suka gama amfani da su, su ne mutanen Sikotlan suke saye su zuba tasu. To, da marubucinsu ya faɗi wadda mutum ya ce a kawo masa, mai karatu ya riga ya san ko wane irin mutum ne, da inda ya fito, da abin da ke aljihunsa. Sai na ce a raina, ashe mu ma muna da irin wannan gardama, tamu ma ta girmi tasu, sai dai ba mu cika rubuta ta ba. Namu in ya rubuta "ya ɓara goro ya jefa a baki," shi ke nan ya wuce, alhali a nan ne maganar take.

Goro ba ya fita a ƙasar Hausa. Icensa na kurmi ne, yana son ruwa da inuwa. Amma babu wanda ya riƙe shi kamar mu, har 'yan Nijeriya suna cewa Yarbawa ke nomansa, Hausawa ke cinsa, Ibo ke girmama shi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau goro 10,000, abin da ke nuna tun a wancan zamani kyauta ce ta manya. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, da aka tsananta hana giya a ƙasashen daula, goro ya ƙara samun fili, don shi ne abin da malami da basarake da attajiri za su ci ya wartsake su ba tare da kowa ya ɗaga musu gira ba.

Hanyar da yake biyowa a wancan lokaci ita ce ta yi mana bakin da muke cin sa da shi. Fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su kan tashi da jakuna ɗaruruwa a ƙarƙashin madugu, su biyo ta Jega, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, har Salaga ta ƙasar Gwanja, wadda yanzu take arewacin Gana. Can ne Asantawa ke kawo goro daga kurminsu. Tafiya da dawowa ta kan ci wata shida, wani lokaci shekara. A hanya ana kwance huhu, a tsince mai sankara a yar, a sake ganye, a yayyafa ruwa, a ɗaure. Saboda haka goron da ya iso Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba zai yiwu ya zama sabo ba. Ya riga ya kwana, ya tsane, ya natsu. Kakanninmu ba su zaɓi daushe ba, jaki ne ya zaɓa musu shi, mu kuma muka gaji harshensu.

Sabon goro baƙo ne a wurinmu. Bayan Ingilishi sun ci Asante a 1874 sai kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta. Masu wayo cikin fatake suka koma ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, cikinsu har da Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Daga Ikko kuma jirgin ƙasa, wanda ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, reshensa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, daga nan mota ta ƙaraso da shi nan birni. A tsakanin nan ne manoman Yarbawa na wajen Agege da Ota da Shagamu suka shiga dasa irin na Gwanja, mai ɓari biyu, ganin shi Hausawa ke nema ba nasu na gargajiya mai ɓari uku ko huɗu ba. Har yau sunan da suke kiransa da shi, gbanja, Gwanja ɗin nan ce tamu ta karye a bakinsu. Tafiyar wata uku ta koma ta kwana uku, sai ga ɗanyen goro a faifai a Tsohuwar Kasuwa, yana sheƙi kamar an shafa masa mai.

To, bari in faɗi abin da nake ji a bakina, tunda dai maganar so ce, so kuwa ba a kai shi gaban alƙali. Sabon goro, wanda ke cika kasuwa daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu, ruwa ne da shi. In ka gatsa ba ya ƙara, sai wani ɗan sauti kamar na ɗanyen dankali. Baurinsa yana kama harshe da dasashi gaba ɗaya, in ka ci shi da safe cikinka wayam yana iya sa maka juwa. Daushe kuwa, wato na bara da aka adana ya tsallake watanni, in ka sa farce a tsagarsa sai ya buɗe da kansa, ƙas. Ɗacinsa gajere ne, yana zuwa ya wuce, ba ya zama. Bayan ɗan lokaci sai wani zaƙi ya taso daga can ƙasan harshe, in ka kurɓi ruwan randa a kai sai ka ji kamar an jefa masa sukari. Wannan zaƙin na baya shi nake biya da kuɗina. Ɓari guda ya kan kai ni daga sallar isha'i har in gama duba takardun jarrabawar aji guda, alhali sabo sai in ci biyu ina ta tofar da tuƙa.

Launi fa? Wanda ya taɓa ganin an fasa kwanson goro ya san ice guda yana ba da fari da ja da mai ruwan hoda, wani lokaci ma a kwanso guda. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ban ce sam babu bambanci ba, fari ya kan ɗan fi sauƙin ɗaci, amma tazarar da ke tsakanin fari da ja ba ta kai rabin wadda ke tsakanin sabo da daushe ba. Darajar fari ta ido ce da ta ƙaranci. Bai da yawa, ba ya ɓoye tabo, kuma mu mutane ne masu kyautata zato ga farin abu, farin jini, farin ciki, farar aniya. Shi ya sa in za a kai gaisuwa gidan surukai, ko a kai ƙwaryar goro wajen neman aure, wato ƙwaya 100, ake tsinto marsa-marsa farare a jera a sama, jajaye da minu su kwanta a ƙasa. Wannan ba laifi ba ne. Kyauta da ido ake fara karɓarta. Amma in baƙi sun watse, dattijon gidan ya zauna shi kaɗai, ka lura da wanda hannunsa zai laluba.

Akwai wani abokin aikina, malamin lissafi, wanda mun shekara fiye da goma muna wannan jayayya a ɗakin malamai. Shi sabon fari yake so, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce daushe goron masu kuɗi ne da masu son a ce sun san goro, don da zarar bazara ta yi nisa farashinsa ya ninka, kuma rabin abin da ake sayarwa da sunan daushe tsohon goro ne kawai da ya bushe aka jiƙa shi ya kumbura. Ya ce shi ƙarfi yake nema ba labari ba. A nan yana da gaskiya, tsufa daban, natsuwa daban. Goron da iskar hunturun Sakkwato ta buga, ya yanƙwane ya yi tauri kamar ƙahon rago, ba daushe ba ne, gawa ce. Daushe na gaske yana nan da danshinsa a ciki, jikinsa sumul, in ka ɓara cikinsa babu baƙi babu rami. Sai dai ni ina ce masa, jabun abu ba ya zama hujja a kan na ƙwarai. Ba mu taɓa shiryawa ba, kuma kullum in ya manta nasa a gida nawa yake ci, bai taɓa mayarwa ba.

Tsofaffin unguwarmu ta Ƙofar Rini in ana wannan magana sai su yi mana dariya mu duka biyu, su ce ba mu ci goro ba tunda ba mu ci ɗan Labuje ba. Labuje, wato Labozhi, gari ne a ƙasar Nupe, a jihar Neja ta yanzu, wanda goronsa a da na Etsu Nupe ne, daga fadarsa yake fita zuwa ga sauran sarakuna. Mai goron da nake saye wurinsa, dattijo ne da ke zama da faifansa da jiƙaƙƙen buhu a bakin hanyar masallaci, in na tambaye shi sai ya ce, "Malam, wanga zamani wa ka ba ka Labuje? Amshi wanga dai, daushe na, na aje maka shi tun jiya." In ya ga yaro ya zo sayen na aike, daga sama yake ɗebo masa. In ya ga wanda ya sani sai ya tura hannu ƙarƙashin buhu. Ƙaramin goro ya fi babban dutse, in ji masu magana, kuma sau da yawa wanda yake zaro mini ɗan ƙarami ne ja, wanda ba mai kai shi gidan suruki.

Abu guda ne yake sa ni fargaba game da abin da nake so. Adana goro aiki ne na haƙuri, a buɗe, a tsince, a sake ganye, a rufe, mako bayan mako. Wasu 'yan kasuwa sun ga wannan ya yi musu tsawo, sai suka koma zuba maganin ƙwari, irin su Gamalin, don kashe tsutsar da ke sa sankara. Goro kuwa ba dafa shi ake yi ba, daga faifai sai baki. Wanda ya fi daɗewa a ajiye shi ya fi haɗuwa da wannan, wato daushen nan nawa. Shi ya sa nake sansana goro kafin in saya, nake kuma wanke shi, kuma ba na sayensa a tasha wurin wanda ban sani ba. Har na kan ji daɗi in na ɓara na tarar da 'yar sankara a gefe, don tsutsar da ta rayu a ciki shaida ce a gare ni.

Ɗalibaina kuwa ba ruwansu da wannan duka. Na taɓa tambayar 'yan ajin ƙarshe ma'anar daushe, a aji mai yara fiye da hamsin ba a sami biyar da suka sani ba, ɗaya ma ya ce sunan wani ɗan wasan Hausa ne. Su goro abin tsofaffi ne mai ɓata haƙori. In dare ya yi suna son karatu, Nescafé suke sha a teburin mai shayi, ko lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari, ba su san sinadarin da ke hana su barci a ciki shi ne dai wanda ke cikin goron kakanninsu ba. A wajen ɗaurin aure ma yanzu alawa da cingam da dabino sun fi goro yawa a leda, sai dai sunan ya ƙi mutuwa, har katin gayyata goron gayyata ake ce masa, kuɗin da ake ba yara ranar idi kuma goron salla.

Kakata ta wajen uwa ta kai shekarun da babu haƙori ko ɗaya a bakinta, amma ba ta bar goro ba. Tana da magogi, wani ɗan murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa, a ƙulle a bakin zanenta. In aka kawo mata goron suna ko na biki sai ta juya shi a hannu, ta kai hanci, ta goga kaɗan a tafinta ta lasa. In sabo ne sai ta miƙa wa na kusa da ita ta ce, "Kai wa uwarka, wanga bai gama zama goro ba."