Mai Awon Ƙashi, Aikin da Ba Ya Son Gaggawa

A sashen hoto na wasu manyan asibitoci akwai ɗakin da ba a cika ganin cinkoso a ƙofarsa ba. Abin da ke ciki bai wuce gado ɗaya mai siririyar katifa ba, da wani hannun ƙarfe da ke tafiya sannu a hankali a saman wanda ya kwanta, sai kwamfuta a gefe. Wannan ita ce na'urar DXA, ma'aikata suna ce mata deksa, kuma aikinta auna ƙarfin ƙashi. Mai sarrafa ta ma'aikacin hoto ne da ya samu horo na musamman. Mutane da dama suna ɗauka danna maɓalli kawai yake yi, alhali ingancin sakamakon a hannunsa yake.

Cutar da yake farauta ita ce zaizayar ƙashi. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo. Gini yakan fi rushewa yawa har zuwa wajen shekara 30, daga nan lissafi ya fara juyawa. Ga mace, idan al'ada ta ɗauke, sinadarin estrojin ya ragu, zaizayar sai ta ƙara sauri. Babu zazzaɓi, babu ciwo. Ƙashin yana zama kamar azarar da gara ta cinye ta ciki, daga waje lafiya lau, sai ranar da tsohuwa ta zame a makewayi kwatangwalo ya karye. Gidauniyar yaƙi da zaizayar ƙashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a cikin waɗanda suka haura shekara 50, mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar za su samu karaya saboda wannan cuta.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna zaizaya sai ta yi nisa. Shi ya sa a 1963, John Cameron da James Sorenson na Jami'ar Wiskonsin a Amurka suka fito da dabarar auna ƙashin hannu da tururin wani sinadari. A 1987 kamfanin Hologic ya shigo kasuwa da deksa, mai aika tururin hoto iri biyu, mai ƙarfi da mai rauni, ta yadda kwamfuta za ta cire lissafin tsoka da kitse ta bar na ƙashi zalla. A 1994 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ma'aunin da ake bi har yau, wato makin T, wanda ke gwada ƙashin mutum da na matashi lafiyayye. Daga -1 zuwa sama lafiya ne. Tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara raguwa. Daga -2.5 zuwa ƙasa, zaizaya ta tabbata.

Mai awon ƙashi ba ya fara karɓar mutane da safe sai ya gwada na'urar da wani ƙashin baya na roba da aka riga aka san awonsa. Idan lambar da ta fito ta kauce, ranar ba a aiki sai an gyara. Daga nan sai tambayoyi. "Mama, kin sha ƙwayar kalsiyam tun jiya? An taɓa yi miki aiki a baya ko a kwatangwalo? An taɓa sa miki ƙarfe?" Idan mace ce mai sauran haihuwa, dole a tambayi batun ciki. A cire zik, a cire bel, a cire duk wani ƙarfe da ke jikin sutura. A auna tsawo da nauyi, domin raguwar tsawo kaɗai kan tona asirin ƙashin baya da ya lotsa ba a sani ba.

Kwantar da mutum shi ne ainihin gwanintar. Don awon ƙashin baya, ana ɗora ƙafafu a kan wani tudun soso domin lanƙwasar ƙugu ta miƙe, sannan a ɗauki gaɓoɓi huɗu na sama na ƙashin ƙugu. Don awon kwatangwalo, ana juya ƙafa ciki da digiri 15 zuwa 25, a ɗaure ta da maɗauri, domin wuyan ƙashin cinya ya fito sosai. Juyin ya gaza ko ya zarce, lamba ta canza. Wanda makinsa ke gab da -2.5, wannan ɗan kuskuren ya isa ya jefa shi cikin masu cuta a ɗora shi kan maganin shekaru, ko ya fitar da shi a sallame shi ba magani. Duk wannan kuwa ana yin sa ne da tsohuwar da gwiwa ke damu, ko dattijon da kwanciyar rigingine ke wahalarwa. "Baba, yi haƙuri, kada ka motsa, saura kaɗan." Minti goma zuwa ashirin an gama, tururin da ya shiga jiki bai kai kashi ɗaya cikin goma na hoton ƙirji ba.

Bayan mutum ya tashi, aikin ido ya rage. Kwamfuta tana zana iyakar kowace gaɓa da kanta, amma takan yi kure. Amosanin gaɓɓai yana tara ƙashi a gefen gaɓa, gaɓar da ta lotsa takan fito kamar mai ƙarfi, haka ma jijiyar jinin da ta ƙandare. Waɗannan duka suna ɗaga lamba, su sa raunannen ƙashi ya yi kamar lafiyayye. Ma'aikaci ne zai gano, ya gyara zanen, ya sanar da likita. Idan baya da kwatangwalo ba za su aunu ba, sai a koma ƙashin hannu.

Abin da ya fi bambanta wannan aiki da sauran na sashen hoto shi ne maimaici. Wadda aka auna yau za ta dawo bayan shekara ɗaya ko biyu a ga ko magani yana aiki, canjin da ake nema kuma ɗan ƙanƙane ne. Sai an kwantar da ita daidai yadda aka yi a karon farko, a kan na'ura guda, domin lambar na'urar Hologic da ta wani kamfanin, GE Lunar, ba sa daidaituwa kai tsaye. Saboda haka ƙungiyar masana awon ƙashi ta duniya, ISCD, ta tsara cewa kowane ma'aikaci ya gwada hannunsa: ya auna mutum 30 sau biyu-biyu, ko mutum 15 sau uku-uku, kowane karo mutum ya sauka ya sake hawa. Da wannan ake sanin iyakar kuskurensa, kuma canjin da bai haura wannan iyaka ba, ba a kiran sa canji.

A ƙasar Hausa wannan fanni yana da masu jiransa. Magunguna irin su firednisolon da deksametazon suna cin ƙashi idan aka daɗe ana sha, ga shi wasu 'yan mata suna sayen su a kemis don neman ƙiba ba tare da likita ba. Ƙarancin kalsiyam a abinci ma ba baƙo ba ne: binciken Tom Thacher da abokansa a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna shi ne babban dalilin gwamewar ƙafafun yaran da suka duba. Tsofaffi da yawa kuwa idan sun karye wajen mai ɗori ake kai su, ƙashi ya haɗe ko bai haɗe ba, ba a tambayi dalilin karayar ba.

Na'urar tana da tsada, sai a manyan birane ake samun ta. Amma ɗaliban da ke karatun aikin hoto a jami'o'i irin su Bayero ta Kano suna da buɗaɗɗen fage a nan. Shawarar masana ita ce a auna mace mai shekara 65 da namiji mai 70, da duk babban da ya karye daga faɗuwar da ba ta taka kara ta karya ba, da wanda ya yi wata uku ko fiye yana shan irin waɗancan magunguna. Mai irin wannan a gida, ya tambayi likita inda ake awon mafi kusa.