Awa Biyu A Kwanar Ɗangora

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Kano ya san Kwanar Ɗangora. A nan titin da ya nufi Tudun Wada da dajin Falgore har Jos ya rabu da babban titi, a nan kuma direbobi kan tsaya a yi salla, a sayi rake da tsire da dafaffen ƙwai. Tun da na shiga jami'a nake wucewa ta wurin, amma ban taɓa zama na kalle shi ba sai ranar da motarmu ta ƙi tashi.

Hutu aka ba mu, na shiga wata tsohuwar bas a Kwangila, irin wadda sai yaron mota ya sa kafaɗa ƙofarta ke rufuwa. Muka wuce Tashar Yari lafiya, muka tsaya la'asar a Kwanar. Da muka dawo, direba ya murɗa makulli, sai muka ji "ƙas", shiru. Ya sake, "ƙas". Turawa ba ta yiwu ba, don motar tana cikin yashi, ga buhunan masara a baya, fasinjojin kuma yawanci mata ne da tsofaffi.

Direba ya ce batir ya mutu, sai sabo, kuma kuɗin da muka biya ya riga ya sha mai da su. Ni dai abin da ya rage a aljihuna ba zai kai ni ko Kura ba, ga rana tana yin sanyi, ba wanda ke son dare ya same shi a hanya.

Mai shayin da ke gefenmu ne ya aika a kira mai wayarin. Ogan ba ya nan, sai yaronsa ya zo, wanda bai wuce shekara 15 ba, sa'an da yawa daga cikinku. Direba ya kalle shi sama da ƙasa ya yi tsaki. Yaron bai kula ba.

"Baba, kunna fitila," in ji shi. Fitilu suka kama tar. "To, ta da ta." Direba na murɗawa suka dushe kamar an hure su.

Ya ɗora 'yar mitarsa a kan batirin, ta nuna bolt 12.5. Batir mai cikakken caji yakan nuna wajen 12.6, wato wannan lafiyarsa ƙalau. Ya sa aka sake murɗawa, ya taɓa bakin wayar da ke ɗaure a kan batirin, ya janye hannu da sauri. Ta yi zafi. Na leƙa na ga wani gari fari-fari mai ratsin kore ya lulluɓe wurin.

A nan ne darasin fiziks na babbar sakandare ya dawo mini, wanda na haddace don jarrabawa kawai: V = IR. Fitilun gaba biyu suna jan kusan amfiya 10, sitata kuwa tana iya jan 150 ko fiye. A ce dattin nan ya kawo turjiyar om 0.04. Fitila za ta yi asarar bolt 0.4, ba wanda zai lura. Sitata kuwa za ta yi asarar bolt 6, rabin abin da batirin ke da shi, kuma abin da ya ɓata shi ne zafin da ya ƙona yaron. Wannan "ƙas" ɗin ƙarar ɗan maganaɗisun da ke jikin sitata ne, ya samu wutar da zai motsa, amma ba ta isa juya injin ba.

Ya sa sifana ya fara kwance waya mai alamar ragi. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Yaya, ita ce ke haɗe da bodi. In ka fara da ɗayar, sifana ta taɓa ƙarfe, wuta za ta tashi." Ya kuma kori wani mai shan taba daga wurin, don batir na fitar da iska mai kamawa. Ya karɓi ruwan zafi wurin mai shayi, ya jiƙa kanwa a ciki, ya zuba, garin ya yi kumfa ya narke. Ya goge da samfefa har darmar ta yi ƙyalli, ya ɗaure tam.

Aka murɗa, injin ya juya "gur... gur" kamar mai jin barci. Direba ya ce, "Ban faɗa ba?" Yaron ya kwanta a ƙasa ya bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta da bodi. Tsatsa ta cinye wurin, rabin silin wayar sun tsinke. Ya yanke ruɓaɓɓen, ya fere sabon baki, ya kankare ƙarfen ya mayar da noti.

Murɗawa ɗaya ta tashi. Wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ƙara masa a kan abin da direba ya ba shi, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Direban bai sake tsaki ba, lambar ogansa ma ya karɓa.

Mun wuce gonakin shinkafar Kadawa ana kiran magariba, muka shiga Na'ibawa bayan isha'i, hannuna har lokacin yana warin kanwa, don ni na riƙe masa kofin.