Usur ɗin da na busa a Balan

Washegarin Ƙaramar Sallar bara, matasan garinmu Balan suka gayyato 'yan ƙwallon wani ƙauye daga ɓangaren Ajingi. Aka miƙa mini usur, don ni malamin firamare ne, kuma ina da agogon hannu. Ɗan yayana ne ke buga wa Balan lamba tara. Baƙin sun san haka, shi ya sa kafin a take wasa kyaftin ɗinsu ya ce mini, "Malam, mun yarda da kai, amma ka ji tsoron Allah."

Baƙi suka ci ɗaya kafin hutun rabin lokaci. Da aka dawo, golansu ya riƙa kwanciya a kan ƙwallo, awaki kuma suka ratsa fili sau biyu. Da minti 90 ya cika sai na ƙara huɗu. Suna ƙarewa Balan ta samu kwana. Ɗan yayana ya tsaya a bakin raga, ga shi ya fi duk masu tsaron bayansu tsawo. Na dubi agogo, na busa tashi. Filin ya kaure da ihu.

Doka tana bayana. Doka ta 7 cikin dokoki 17 na hukumar IFAB ta ce kowane rabi minti 45 ne, kuma alƙali ne ke lissafa lokacin da ya salwanta wajen canjin 'yan wasa, duba mai rauni, murnar cin ƙwallo da ɓata lokaci da gangan. Adadin da alƙali na huɗu ke ɗagawa a allo shi ne mafi ƙaranci, ana iya ƙarawa a kai amma ba a ragewa. Fenareti kaɗai ake jira a buga bayan lokaci ya cika. Kwana ba ta cikin wannan.

Manyan alƙalai ma sun sha surutu a wannan gaɓar. A Kofin Duniya na 1978, Clive Thomas ya busa tashi ƙwallo tana sama daga bugun kwana, Zico na Brazil ya sa mata kai ta shiga, aka ce ba ta ciyu ba, suka tashi 1-1 da Sweden. A ranar 12 ga Janairun 2022 kuma, a Limbe ta Kamaru, Janny Sikazwe na Zambiya ya tashi wasan Mali da Tunisiya a minti na 85, aka ci gaba, ya sake busawa minti 90 bai cika ba.

Da waɗannan hujjoji na shiga gidan yayana bayan Isha'i. Yaya ya amsa gaisuwata a daƙile. Yaron ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Baffa, da su ne suka samu kwanar nan, za ka busa?"

Na rasa amsa, domin na san da na bari sun buga. Yawancin alƙalai ma sukan bari harin da aka faro ya ƙare. Ashe abin da ya kai usur bakina tsoro ne, kada a koma Ajingi a ce Malam ya yi wa ɗansa alfarma. Don in wanke sunana, na tauye yaro goma sha ɗaya. Na fara tunanin sau nawa na yi haka a aji, ina tsananta wa 'ya'yan 'yan'uwa fiye da sauran ɗalibai, ina kiran abin adalci.

Da safe na koma na ce masa, "Ban karya doka ba, amma ban yi maka daidai ba. Ka yafe mini." Ya yi dariya ya ce ai da ma golan nan ba zai kama ta ba.

Bana ma sun ce ni zan riƙe usur. Na amsa, da sharaɗin kafin a take wasa zan tara kyaftin biyu in faɗa musu: duk wanda ya samu kwana a ƙarshen lokaci, sai ya buga ta.