Sankarau mai tafiya ya dawo

Mu a Arewa sankarau ɗaya muka sani: na lokacin zafi, wanda bakteriya ke kawowa, mai iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Shi ake yi wa rigakafi. To akwai wani da allurar nan ba ta tare shi, kuma da shi nake fama tun da na fara mastas.

Sau uku ke nan yana kwantar da ni a ɗakina a Lokuwa. Kai kamar ana sara shi da gatari, wuya ya sandare, ga zazzaɓi, ko hasken waya ba na iya kallo. Bayan kwana huɗu ko biyar sai in miƙe garau. Wannan miƙewar ce ta ja mini magana. Ƴan ajinmu suka fara cewa wai ciwon nawa ya san ranar semina. Goggona kuwa ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya.

A karo na uku ne aka ɗebi ruwan ƙashin bayana aka tura gwajin PCR. Ashe sankarau ɗin Mollaret ne, sunan likitan Faransa da ya fara bayaninsa a 1944. Galibi bairos ɗin herpes ne ke jawo shi, nau'in HSV-2. In ya shiga jiki ba ya fita, laɓewa yake yi a tushen jijiyoyi, wata rana ya farka. Ana ba da acyclovir, amma ba ya raba mutum da shi.

Na san abin da wasu za su raya da jin herpes. E, ta saduwa aka fi ɗaukarsa, har da ta aure, kuma yawancin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Ni da maigidana mun zauna da likita tare. Iyakar abin da zan ce ke nan.

A ɗaki fa ba mai iya bambance shi da mai kisan. Ni kaina da na san nawa, duk ya dawo asibiti nake nufa. Don Allah in abokin ɗakinka ya ce wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, kada ka tsaya kemis sayen maganin maleriya, ka tari mai Keke ku wuce asibiti a daren.

Sufabaizana dai ya karɓi takardar likita, ya ɗage mini semina zuwa wata mai zuwa. Ina kan babi na uku.