Ranar Da Na Yi Musun Karenmu

Wata rana muna cikin darasin Turanci, sai malaminmu ya zaro wayarsa ya nuna mana hoton wani kanti a birnin Landan. A jikin ƙofar an liƙa takarda an rubuta cewa ana maraba da karnuka, ga kuma kwanon ruwa an ajiye musu a bakin ƙofa. A ciki wata tsohuwa tana zaɓen takalma, karenta yana zaune kusa da ƙafarta. Nan take aji ya kaure da dariya. Wani ya ce saura a kawo masa kujera da shayi. Wani ya ce in aka gwada haka a kasuwar garinsu, kafin la'asar mai kanti ya rasa masu ciniki. Ni ma na yi dariyar, amma ba ta kai ciki ba, domin hoton ya tuna mini da wani abu da na yi wata shida ina ɓoyewa. To, yau zan faɗe shi, tun da an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni mutumin Taloka ne, a ƙasar Goronyo. Kamar yawancin mutanenmu na bakin gulbin Rima, abin da muka dogara da shi noma ne: gero da damina, albasa da tafarnuwa da rani. Kakana na wajen uba tsohon mafarauci ne. Yanzu ƙarfi ya ƙare, daji kuma ba ya shiguwa, amma bai taɓa zama ba kare ba. Wanda yake da shi yanzu baƙi ne wuluk, shi ya sa ake kiransa Duna. Ba ya shiga ɗaki, ba ya shiga zaure. Wurin kwanansa gindin rudun albasa, kusa da turken awaki, abincinsa kuwa ƙanzo da ragowar tuwo.

Duna ba ya cin tuwon banza. Tun daga harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, ina ɗan shekara goma sha biyu, barcin mutanen yankinmu ya zama rabi da rabi, kowa kunnensa yana waje. In karnukan gari suka yi shiru, sai uwaye su sami runtsawa. Akwai daren da ɓarayin awaki suka haura dangarmu, haushin Duna ne ya tashe mu, suka gudu suka bar igiyarsu. Awakin nan kuwa da kuɗinsu ake yi mini sayayyar makaranta. Watau ko takalmin da ke ƙafata akwai hakkin Duna a ciki.

A hutun watan Afrilu na 2025, ana saura kwana takwas mu koma makaranta, Baba ya ba ni kuɗi in je Goronyo ran Lahadi, ranar kasuwa, in sayo sukari da garin kwaki da sabulu da littattafan rubutu. Na sa farar rigata ta makaranta, don a san ni ɗan kwana ne, na hau amalanken maƙwabcinmu mai kai albasa. Mun yi nisa sai na leƙa na ga Duna a ƙarƙashin amalanke, yana bin inuwa, harshe waje. Na kore shi sau biyu, ya ƙi komawa, sai na ƙyale shi. Kowa ya san zafin bazara a ƙasar Sakkwato. Ni na sayi ruwan leda na sha, amma ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba cewa wanda ya biyo ni a ƙasa shi ma yana da maƙogwaro.

Na shiga wani kanti ina lissafin kaya, ban san ya biyo ni ciki ba. A gefen buhunan shinkafa mai kantin ya shimfiɗa buzunsa na salla, ya ajiye kwanon sha cike da ruwan randa. Sai kawai muka ji laƙam, laƙam. Muka waiwaya, ga Duna ya tsoma baki a kwanon Alhaji.

Alhaji ya zabura ya ce, "Subhanallahi! Wanga kare na wa na?" Mutane suka taru a bakin ƙofa, wata mata ta janye ɗanta, yaran kasuwa suka fara tsintar duwatsu. Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai ɗan makaranta, naka na?"

Na dubi farar rigata, na dubi jama'a, har da waɗansu 'yan mata masu tallar fura suna dariya. Sai na ji bakina ya ce, "A'a, Alhaji, ban san shi ba."

Dutse na farko ya same shi a haƙarƙari. Maimakon ya fita da gudu, sai ya rugo wurina ya raɓe a bayan ƙafafuna yana kaɗa wutsiya, domin a duk kasuwar nan ni kaɗai ya sani. Ni kuwa na sa ƙafa na ture shi, na daka masa tsawa kamar yadda kowa ke yi. Ya fita, wani yaro ya same shi da rabin bulo a ƙafar baya, ya yi ƙara ya ɓace cikin rumfuna. Alhaji ya ƙulla mini kayana, ya miƙo mini canji, sa'an nan ya ce a hankali, "To, kai ba ka san shi ba, amma shi ya san ka." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na dawo gida ni kaɗai. Kaka yana zaune a ƙofar gida ya ce, "Abokina, ina Duna?" Na ce ban gan shi ba. Ƙarya ta biyu ke nan a wuni ɗaya. Sai bayan isha'i ya iso, yana tafiya da ƙafa uku. Abin da har gobe ba na mantawa shi ne, da ya shigo bai nufi wurin Kaka ba, wurina ya zo ya kwanta. A nan na kasa daurewa, na fashe da kuka, na faɗi duk yadda aka yi.

Kaka bai buge ni ba. Ya ɗaure ƙafar da tsinken kara da tsumma, sa'an nan ya ce, "Mai kanti bai yi laihi ba, kayanai shika tsaro. Yaran da sunka jehe shi ba su san shi ba. Kai ɗai kas san shi." Ya ce laifina biyu ne, kuma kowanne da mai shi: na bar kare da ƙishirwa har ya shiga hakkin wani, sa'an nan na yi musunsa don kunyar idon mutane.

Da Lahadi ta kewayo, ana gobe komawa makaranta, Kaka ya ɗaure Duna a gida, ya sa ni gaba har kantin, da sabon kwanon sha da ƙullin albasa. Na durƙusa na ce, "Alhaji, karen nan namu ne, ƙarya na yi, a gafarce ni." Alhaji ya ce ya yafe, ya ba Kaka wurin zama. A cikin hirarsu na ji abin da ban sani ba. Ashe shekarun baya kare ya taɓa cizon ɗan ƙanensa a ƙafa, ciwon ya warke, kowa ya manta. Bayan kamar wata biyu yaron ya fara zazzaɓi, ya riƙa firgita in an kawo masa ruwa, cikin 'yan kwanaki ya rasu. Tun daga ranar, in ji shi, in ya ga kare kusa da yara sai gabansa ya faɗi. Da za mu tafi ya ɗauko tsohon kwanon daga bayan kanti ya ce mu tafi da shi. Shi ne kwanon ruwan Duna har yau.

Da na dawo makaranta na tambayi malamin addini hukuncin kare, ba tare da na gaya masa dalili ba. Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil. Wanke kwanon da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarnin Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A wajen Shafi'iyya kuwa yawun kare najasa ne. Ya ce littafin Risala ya hana ajiye kare a gida don wasa, amma ya yarda da na tsaron gona da na kiwo da na farautar neman abinci. Har ya ba ni labarin da masu sharhi suka kawo, cewa mai Risalar da kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maɓarnata, da aka yi masa magana ya ce da Imamu Malik ya ga zamaninsu da zaki zai ajiye. Ya tuna mini da hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da kuma karen As'habul Kahfi. Sai ya yi murmushi ya ce, "Amma ka lura, yaro, a bakin ƙofar kogon ya kwanta."

Ciwon da ya kashe ɗan ƙanen Alhaji kuwa, malamar kimiyya ta ce shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana bin jijiya har ƙwaƙwalwa, kuma in alamunta suka bayyana da wuya ƙwarai a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, da yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar. Alhali kuwa rigakafinsa ya daɗe. Tun 1885 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allurar ya tsira. A nan ƙasarmu cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. Ta ce in kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti goma sha biyar, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ciwo ya warke.

Da na haɗa waɗannan duka, sai na gane dariyar da muka yi wa hoton nan ba mu san gindin maganar ba. Malamin Turanci ya ce ko a can ba kowane kanti ne ke barin kare ya shiga ba, mai kanti ne ke zaɓa, kuma kantunan abinci galibi ba su yarda. Wanda doka ta tsaya wa shi ne karen da aka horar don ja-gorar makaho ko taimakon naƙasasshe, kamar yadda dokar Amurka ta 1990 da ta Birtaniya ta 2010 suka tanada. Mu a nan yaro ne ke yi wa makaho ja-gora, sau da yawa a bakin karatunsa. Karen tsohuwar nan kuma yana da igiya a wuya, an san mai shi, domin tun 2016 doka ta tilasta a sa wa kowane kare a Ingila wata 'yar alama a ƙarƙashin fata mai nuna ubangidansa. Kayan kantinsu a rufe suke cikin kwali da gwangwani. Namu kuwa gari da shinkafa da sukari a buɗe suke a buhu da daro, mai kanti a nan yake alwala, a nan yake salla, karnukanmu kuma yawo suke yi ba igiya ba allura. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Saboda haka ni ban ce a buɗe wa karnuka kantunan Goronyo ko na Wurno ko na Rabah ba. Alhaji yana da gaskiya, kuma ko ni ne mai kantin ba zan so ba. Abu ɗaya ne na ga ya kamata mu ɗauka daga hoton nan, watau kwanon da ke bakin ƙofa. Ba sai mun je Landan koyonsa ba, mu ne muka ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Duk ranar kasuwa makiyaya da manoma suna shigowa da karnukansu a baya. Fasasshen kasko da ruwa a gindin dogon yaro, nesa da rumfunan abinci, ba zai ci wa kowa ko kwabo ba. Da Duna ya sami irinsa, da bai kusanci kwanon Alhaji ba.

Ga iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina roƙo da ladabi: wanda ya ajiye kare don gona ko dabbobi, ya yi masa allura, ya ɗaure shi ranar kasuwa. Mu mun yi wa Duna tasa a dogon hutu, lokacin da malamin dabbobi ya zo duba shanu. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, mu daina jifan karen da bai yi mana kome ba, mu hana ƙannenmu. Jifa ba ta koya masa hankali, cizo take koya masa.

Duna ya warke, amma har yanzu yana ɗingishi in ya yi gudu. Ran da zan dawo makaranta wannan zangon ya rako ni har bakin hanya inda ake shiga mota. Wani fasinja ya leƙo ya ce, "Wannan gurgun karen fa, na wane ne?" Na ce, "Namu ne, sunansa Duna." Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar duk abin da aka ba mu kiwo, amin.