Tsohuwar Toyota da Rairayin Dungas

A ƙasashen Turai, masu sha'awar tuƙi kan adana tsofaffin motocin Japan don marmari. A gundumomin Magarya da Dungas kuwa, tsohuwar Toyota abokiyar neman abinci ce. Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, da Land Cruiser samfurin 70, da ya fito a 1984, su ke ratsa rairayi rani da damina, ɗauke da buhunan gero da riɗi, da fatake masu zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, wani lokaci har da mai naƙuda.

Direba na ƙaunarsu domin ciwonsu sananne ne. In inji ya sauya murya, makanikin tasha kan gane cutar da kunne, ya gyara da sifana, karen mota na kallo yana koyo. Sabuwar mota kuwa sai an jona mata kwamfuta, wadda ba kowane gareji ke da ita ba.

Ranar da waɗannan motoci suka ƙare, wannan sani zai bi su, ƙauyuka su koma jiran makanikin Damagaram, sai fa in makarantun koyon sana'a sun shirya yara tun da wuri.