Yadda Na Koyi Sauya Robar Sandar Golf A Ɗakina Na Agege

Yau ba maganar kara ko ta 'yan canji na zo da ita ba. Magana ce a kan wata 'yar sana'a da na tsinci kaina a ciki ba tare da shiri ba, wadda na san da yawanmu za su ji ta baƙuwa, wato sauya robar mariƙin sandar golf. Golf dai shi ne wasan nan da wasu 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu, inda za ka ga manyan mutane suna bin 'yar farar ƙwallo daga rami zuwa rami har 18, ga wani yaro biye da su da ƙatuwar jaka a kafaɗa. To ni ne yaron nan. Tun shekarar 2006 da na sauka Legas nake ɗaukar jaka a ɗaya daga cikin filayen garin, kuma ko da yake furfura ta fara leƙowa, har gobe kadi ake ce mini, haka ake kiran mai ɗaukar jaka ko da ya yi jikoki.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin sandar, don kada in bar shi a duhu. Kashi uku ce. Akwai kai, wanda ke dukan ƙwallo. Akwai jiki, dogon bututu ne na ƙarfe ko na wani baƙin abu marar nauyi da ake kira girafait. Sai mariƙi, wata roba mai tsawon kamar taƙi guda da ɗoriya da ake zura wa sandar daga sama, mu a fili girif muke ce mata. Doka ba ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14 a jaka ba, kuma kowacce da robarta. Masu wasa sukan kashe maƙudan kuɗi a kan kai da jiki, su manta da robar, alhali nan ne kaɗai hannun mutum ke taɓa sandar.

Kamfanonin da ke yin robar suna ba da shawarar a sauya ta sau ɗaya a shekara, ko bayan wasa kamar 40. A Legas sau da yawa ba ta ma kaiwa haka. Ga gumi, ga laimar damina, ga kuma halin masu gida na barin jaka a bayan mota rana ta yi ta gasa ta. Sai ka ga roba ta yi sheƙi, ta ƙandare, ta zama kamar tayar da zanenta ya suɗe. Mutum ba zai ankara ba, sai dai ya riƙa ƙara matse hannu don kada sandar ta zame, kuma da zarar hannu ya ƙage, ƙwallo sai ta nufi daji. Daga nan sai a juyo kan kadi, a ce shi ya miƙo sandar da ba ta dace ba. Na sha wannan faɗan har ya daina yi mini zafi.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, baduku ne a Kano. Kube yake ɗinkawa, yana kuma naɗe ƙotar wuƙa da ta takobi da jan fata. Gudun wannan sana'a na daga cikin abin da ya kawo ni Kurmi, don a lokacin gani nake aikin tsofaffi ne. Ranar da wani dattijo ya nuna mini tsohuwar sandar da ya gada, na ga mariƙinta siririyar fata ce aka naɗe ta a karkace tun daga sama har ƙasa, sai da gabana ya faɗi, domin naɗin Baba ne sak. Ashe haka ake yin su a da. Sai a shekarar 1953 kamfanin Golf Pride na Amurka ya fito da robar da ake zurawa gaba ɗaya, kuma ta ƙara karɓuwa bayan Tommy Bolt ya ci babbar gasar ƙasar da ita a 1958. Tun daga ranar na ƙudura cewa hannun da ya taso cikin naɗin fata ba zai gaza zura roba ba.

Da tsofaffin sandunan da aka yar na fara, a tsakar gidan da muke haya. Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa, salatef mai gam ciki da waje, sai ruwan da zai sa gam ɗin ya yi santsi na ɗan lokaci kafin ya bushe ya kama. A kan ruwan nan na fara shan wuya. Na ce ai ga kananzir a risho, me zan je nema? Robar ta shiga sumul, na yi ta murna. Bayan kwana uku na murɗa ta, sai ga ta tana juyawa, domin kananzir yana da maiƙo, ba ya saurin tashi. Wani abokina ya ce in gwada fetur, ya ce yana kamawa nan take. Na dubi gidanmu, ɗaki takwas, kowace ƙofa da risho a kunne, ga janareton maƙwabci na ruri a lungu, na ce masa a kai kasuwa. Abin da ya yi mini daidai shi ne farin ruwan nan da masu fenti ke wanke buroshi da shi, wayit sifirit, ba tina mai ƙarfin nan da ke cin fenti ba. Shi ma a waje nake aiki da shi, nesa da wuta.

Ga yadda aikin yake. Sai ka tsaga tsohuwar roba daga ƙasa zuwa sama, bakin wuƙa yana kallon gaba, ba cikinka ba, ka ɓare ta. Abin da ke cin lokaci shi ne tsohon salatef da ya manne. Idan ka ajiye sandar a rana ta ɗan yi ɗumi, yana saurin saki. Dole a goge jikin tas, don ko ɗan guntu aka bari, hannun mai wasa zai ji tudunsa. Sannan ka gwada sabuwar robar a gefen sandar, ka liƙa salatef daidai tsawonta, ka bar ɗan ƙari kamar rabin inci a sama ka murɗe shi ka cusa cikin bakin bututun don kada ruwa ya shiga. Akwai 'yar huda a gindin robar, sai ka toshe ta da yatsa, ka zuba ruwan a ciki, ka rufe ɗaya bakin ka girgiza, ka juye shi a kan salatef ɗin har ya jiƙe ko'ina. Ajiye kwano a ƙasa, abin da ya zuba zai yi maka sanda ta gaba.

Daga nan sai sauri. Ka kafa bakin robar, ka tura ta da ƙarfi a tashi ɗaya har ƙarshen sandar ya taɓa gindinta. Wanda ya yi rowar ruwa ko ya tsaya tunani a tsakiya, robar za ta cije masa a rabi, ba gaba ba baya, sai dai ya yanke ta, kuɗi sun tafi. Na yi asarar biyu a haka. Idan ta shiga, kana da ɗan lokaci kaɗan ka daidaita zanenta da fuskar kan sandar kafin ta kama. A ce sa'o'i kaɗan sun isa ta bushe, amma ni kwana nake barin ta. Da farko ba ni da abin matse sanda, sai in shimfiɗa tsumma a kusurwar bango in tokare kanta a nan. Daga baya wani mai walda a layinmu ya bar ni ina amfani da matsewar ƙarfen teburinsa, ina tsaga guntun tiyo in rufe jikin sandar da shi don kada ta ƙuje.

Sai kuma kauri, wanda a nan ne ake gane wanda ya iya. Idan mutum ya riƙe sanda da hannunsa na sama, ya kamata yatsunsa biyu na tsakiya su taɓa tudun babban yatsa da ƙyar. Idan sun nutse ciki, roba ta yi masa siriri, sai a ƙara salatef, kowane zagaye yana ƙara kamar kashi 1 cikin 64 na inci. Mai yawan gumi kuma, robar da aka saƙa zare a jikinta ta fi masa, ko da yake tana cin tafin hannu. A kula kuma da jabu, don sun cika kasuwa, da sunan kamfani da komai, amma wata biyu sun suɗe.

A shekarar 2015 ne maigidan da na fi daɗewa ina ɗaukar wa jaka, wani dattijon Bayarabe da ya yi ritaya, ya ji labarin abin da nake yi. Ya zaro babbar sandarsa, wadda ake kira direba (ba ruwanta da tuƙin mota, ita ce ake buɗe wasa da ita a dogayen ramuka), ya ce, "Malam, gwada mini wannan." Ɗansa ne ya aiko masa da ita daga Ingila. Ban yi tunanin komai ba, na sa reza kamar yadda na saba yi wa na ƙarfe. Ƙarfe ba ya jin reza. Girafait kuwa zare-zare ne aka haɗa da gam, shi ya sa ake yanke robarsa da wuƙa mai lanƙwasa kamar ƙugiya, wadda ke ɗaga robar ba ta taɓa jiki. Da na ɓare, sai ga dogon tsagi, har da 'yan zarurruka sun tashi.

Mai karatu, ka san abin da na yi? Na liƙa salatef a kai, na zura sabuwar roba. Ta zauna daram, kyau kamar daga kanti. Babu wanda zai taɓa gani, don wa ke leƙa ƙarƙashin roba? Na jingine ta a bango na kwanta, barci ya ce bai san zance ba. Na san sandar da aka raunata tana iya darewa ana tsakiyar duka, kuma a daidai wurin da tafin hannun tsoho yake. Na kuma san in ta karye aka ɓare aka ga tsagin, ba sunana za a kira ba, cewa za a yi aikin "aboki" ne, kuma akwai yaranmu da dama da ke cin abinci a filin nan saboda ana cewa ba sa taɓa kayan mutane. A gefe guda kuma kuɗin jikin sandar ya fi abin da nake samu a wata. Kwana biyu ina wannan lissafi.

Ranar Asabar da sassafe na same shi a wurin ajiye motoci. Na yanke robar a gabansa na nuna masa. Ya daɗe yana shafa tsagin da babban yatsa bai ce uffan ba. Da ya buɗe baki, cewa ya yi me ya sa na rufe tun farko. Na ce tsoro ne, Baba. Ya ce zan biya rabi, a riƙa cirewa daga sallamata, shi zai cika rabi. Wata huɗu ina biya, a lokacin har maiɗakina ta fara tambaya ko wata nake nema a waje. Ya kuma yi kusan wata guda ba ya yi mini hira a fili, daga miƙo lamba bakwai sai miƙo lamba tara.

Da bashin ya ƙare, wata rana muna gama wasa ya buɗe aljihun jakarsa ya miƙo mini wata 'yar wuƙa mai bakin ƙugiya, sabuwa a ledarta, ya ce in tafi da sauran sanduna 13 ɗin in kawo su ranar Laraba. Da ita nake aiki har yau, baki kawai nake sauya mata. Tsohon jikin direban kuwa yana nan a bayan ƙofa. Akwai yara biyu 'yan Katsina da ke zuwa koyo wurina ranar Lahadi bayan la'asar, kuma duk wanda ya zo, sai na ba shi ya shafa tsagin da yatsansa kafin in bar shi ya taɓa wuƙa.